Ranar ɗinkin taro a hunturu: yaya za mu shirya bargunan ƙyallaye?

Uwargida (Ƙofar Marusa, Katsina)

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu 14 ne a ƙungiyar matan unguwa, muna so mu ware yini guda a cikin Disamba mu haɗu a gida ɗaya, mu ɗinka barguna na haɗe-haɗen ƙyallayen atamfa, irin mai shafi da abin ɗumi a tsakiya. Na marayun unguwa ne da za su koma makarantar kwana a Janairu, katifarsu ƙafa 3 da 6 ce. Kekuna 5 gare mu, huɗu na ƙafa, ɗaya na hannu, da dutsen guga biyu. Teloli sun tara mana guntaye buhu biyu. Burinmu barguna 10. Me ya kamata mu gama kafin ranar? Wane awo za mu yanka, kuma me za mu sa a tsakiya? Allah ya saka da alheri.

Malamar ɗinki (Daura)

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba da lada. Ranar taron ta keke ce da allura kawai. Tsinta, wanki, guga da yanka duk a gama su mako guda kafin nan, in ba haka ba azahar za ta same ku kuna neman almakashi.

Ku fara juye buhunan nan a tabarma ku tsince. Atamfa da yadin auduga mai kauri irin nata su ne na aiki. Leshi, ƙyallen mayafi, yadi mai santsi da duk abin da ke miƙewa in an ja shi, ku ware su gefe. Kowane irin yadi da yadda yake tafiya a ƙarƙashin allura, da yadda yake shiga a wanki, shi ya sa in an gama su bargon ke tattarewa wuri-wuri. Atamfar ma ba duka ce auduga ba yanzu. In kun yi shakka, ku yanki ɗan ƙaramin baki ku sa masa ashana a cikin tasa: auduga tana ci ta bar toka mai laushi da wari irin na takarda, mai roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Ana iya yin bargo da mai robar, amma a yi nata daban.

Sai wanki. Sabon yadin auduga yakan shiga da kamar kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a wankin farko, kuma ba kowanne ke shiga daidai da ɗan'uwansa ba. Ku rarraba kala-kala, ku jiƙa a ruwan ɗumi da ɗan omo, ku jefa farin ƙyalle a kowane baho. Bayan rabin awa ku duba shi. In ya rine, ku ɗauraye ku sake da wani farin ƙyallen. Wanda ya zuba har sau uku ku haƙura da shi. Ja, ruwan hanta da shuɗi mai duhu su aka fi kamawa da wannan laifi, haka yadin da aka rina da baba. Gishirin da ake cewa a zuba ba ya tsayar da rinin kamfani, ɗauraya ce maganin. Ƙananan guntaye kada a cuɗe su da ƙarfi, bakinsu zarewa yake, matsawa kawai. A wannan lokaci shanya ba ta ɗaukar awa biyu, sai dai ƙura. Ku shanya a rumfa ko a ɗaki, ku kwashe tun da sauran ɗan danshi ku goge. Wanda iskar hunturu ta busar ƙayau ba ya jin guga sai an yayyafa masa ruwa.

Awo kuma. Katifar faɗinta inci 36 ne, tsawonta 72. Bargon da zai rufe yaro har ya cusa gefe, inci 54 da 78 ya yi. Yankan ƙyalle mai kusurwa huɗu daidai, bari mu kira shi gida kamar na dara. In kowane gida zai tashi inci 6 bayan ɗinki, kuna bukatar gida 9 a faɗi, 13 a tsawo, wato 117 a bargo guda. Ku yanka 125 saboda wanda zai ɓaci. Masu wannan sana'a a ƙasashen waje alawus ɗin kwatan inci suke bari kowane gefe, wato rarar yadin da ɗinki ke ci a baki, su yanka 6 da rabi. Kuna iya bin wannan.

Ma'aunin yankan shi ne wurin da aka fi yin asara. Kada a ce kowa ta auna da tef ɗinta, don tef ɗin da ya tsufa miƙewa yake. Kada kuma a yi da kwali: alli da almakashi suna cin bakinsa, gida na ɗari ba zai yi daidai da na farko ba. Ku sa kafinta ya yanko muku falle huɗu na siririn katako awo ɗaya, ko ku yanka daga jikin tsohuwar jarka. Ku ɗora su kan juna ku tabbata babu wanda ya fi wani. A zana da fensir ko siririn alli a bayan yadin, a bi tsayin zaren saƙar, kada a karkata ma'aunin don a ci wani ɗan lungu na ƙyalle. Gidan da aka yanka a karkace yana miƙewa a keke, ya fi maƙwabcinsa tsawo. Bakin atamfa mai rubutun nan a yanke shi, saƙarsa ta fi tsauri. Kada a tara fiye da falle uku a yanka ɗaya.

In an gama, ku shimfiɗa tsohon zanin gado a ƙasa ku jera gidajen 117 yadda kuke so su fito, mai duhu kusa da mai haske. Atamfa mai hayaniya ce, in kun sami yadi mara zane ku riƙa tsallaka shi tsakani, ido ya huta. Ku ɗauki hoto da waya. Sannan ku kwashe layi-layi daga hagu zuwa dama, ku maƙala takarda mai lamba 1 zuwa 13 a gidan farko na kowane layi, bargo guda a leda guda.

Tela ('Yar Kutungu)

Malama ta gama magana a kan yanka, amma a batun kwatan inci ban bi ta ba. Duk wadda ta koyi ɗinki a garin nan hannunta ya saba da rabin inci, kuma bargon ɗan makarantar kwana wankin ƙarfi zai sha. Kwata a atamfa mara kauri sai ya zare. Ku yanka inci 7, ku bar rabi kowane gefe, gidan ya tashi 6 ɗin dai. Asarar yadi ma babu: yadi ɗaya mai faɗin inci 45 zai ba ku gida 30 ko kun yanka 6 da rabi ko 7, biyar a tsawo shida a faɗi. Ma'ana fuskar bargo guda tana cin kamar yadi 4. Da wannan lissafin za ku gane ko buhu biyun nan za su kai ku.

Abin da ya fi zaɓin kwata ko rabi muhimmanci shi ne kekunan biyar su yi alawus ɗaya. A ce wata ta zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci kacal. Kowane ɗinki yana cin gida biyu, to ta cinye kwatan inci ke nan. Layi guda yana da ɗinki 8, sai nata ya gaza na sauran da inci 2. Sai an zo haɗa layuka ake ganin abin, kusurwoyi su ƙi haɗuwa, a koma farka. Maganin mai sauƙi ne. A kowane keke a sauke allura, a auna rabin inci daga ita zuwa dama, a manna farin tef a farantin ƙarfen, a ninka shi sau uku ko huɗu ya yi tudu, bakin yadi ya riƙa binsa. Kafin a taɓa na gaske, kowace mai keke ta haɗa gida uku na gwaji a goge a auna: dole su ba da inci 19. Wadda nata bai kai ba a gyara mata tef. In da hali ma, bargo guda ya ƙare a keke guda.

Hajiya, ku duba kekunan kwana biyu kafin ranar, ba da safen ba. Ƙurar hazo tana gauraya da man keke ta zama kamar kwalta. A kwance farantin allura, a goge tsakanin haƙoran da tsohon burushi, a fitar da gidan bobin a share, a ɗiga man keke, ba man gyaɗa ba, ba na mota ba. Sai a yi ta ɗinki a tsumma har man ya daina fitowa, don kada ya ɓata farin shafi. Igiyar keken ƙafa ta fata takan bushe a wannan lokaci ta riƙa zamewa. In ta saki, a rage mata kamar rabin inci a sake huda, in ta tsattsage a sayi sabuwa.

Allura lamba 14 wajen haɗa gidaje, lamba 16 wajen bin falle uku, wato fuska, ciki da shafi a haɗe. Ku tanadi fakiti guda-guda, ku kula kada a haɗa ku da ta keken kamfani mai zagayayyen gindi. Ta keken gida irin Butterfly da Singer gefe ɗaya na gindinta a shafe yake. Zare kala ɗaya ga kowa, ruwan toka ko ruwan ƙasa, yana ɓacewa a kowace atamfa. Tsohon zaren da ya sha rana, in kin ja shi da hannu ya tsinke ba gardama, to haka zai yi a keke. Kowane keke a naɗa masa bobin 5 tun daga gida. Tsawon ɗinki wajen haɗi kamar taku 12 a inci, wajen bin bargo kamar 8.

Wata dabara mai rage lokaci: kada a yanke zare bayan kowane gida biyu. A tura wasu biyun a bayansu, su fito a jere kamar tuta, daga baya a rarraba da almakashi. Wajen guga kuma, alawus ɗin layi na 1 a kwantar da shi dama, na 2 hagu, na 3 dama. In an zo haɗa layukan sai su sarƙe da juna, babu tudun da zai karya allura.

Inna (Rafindadi)

Sannunku da ƙoƙari 'ya'yana. Ni batun cikin zan taɓa, tunda shi ke kawo ɗumin.

Soso ku bar shi. Ko siririn ne, yana riƙe ruwa a wanki, in ya kwana biyu ya riƙa marmashewa a ciki. Audugar rimi ta matashi ce: santsi gare ta, guduwa take ta taru a kusurwa, ga saurin kama wuta. Abin da ya rage uku ne. Akwai tsohon bargo ko gwado mara kauri, wanda ya fi komai sauƙin aiki don shi a saƙe yake, ba ya motsi. A wanke shi, a yanke bakin da ya yi kauri, shi ke nan. Akwai faiba ta yadi da masu ɗinkin zanin gado ke sawa, a sayi siririya, ba ta da nauyi kuma tana saurin bushewa. Sai auduga ta gona, wadda a hunturu ake girbinta a ƙasar Funtuwa da Malumfashi. Ta fi duka daɗin rufa, ta kuma fi duka wahala. Dole a gurje ta tas, don angurya guda in ta saura tana fitar da mai ta yi tabo, allura kuma ta karye a kanta. A shiɓe ta, a shimfiɗa sala-sala wani na hawa bakin wani, a ɗaga a hasken rana a ga inda ya yi rami a cike.

Ku dubi lifidin dawakin hawan sallah, nan Katsina ko Daura. Abin da ke riƙe cikinsa shi ne ɗinkin da aka bi shi da shi kusa-kusa. Haka bargo yake. In audugar gona ce, tsakanin layin ɗinki da ɗan'uwansa kada ya wuce inci 2 zuwa 3, in ya wuce wankin farko za ta dunƙule kamar curin fura. Faiba tana ɗaukar inci 4 zuwa 6. Tsohon bargo kuwa ko inci 6 ya isa, wato bin layin gidajen kawai.

Shawarata, a yinin farko kada ku taɓa audugar gona. Kuma waɗanda ba su da keke ba zaman kallo za su yi ba. In cikin tsohon bargo ne ko faiba, ana iya ɗaure shi maimakon bi da keke: zaren ulu ko zaren kaɗi mai ƙarfi a babbar allura, a soka a kusurwar kowane gida da tsakiyarsa, a fito kusa da inda aka shiga, a ƙulla sau biyu, a bar jela inci ɗaya. Mata huɗu a kewaye da bargo guda, kafin hira ta yi nisa sun gama. Mai kaushi ko faso a yatsu ta shafa man kaɗe tun dare. In da safe ta shafa, tabon mai zai bi duk inda ta dafa.

Uwargida (Ƙofar Marusa, Katsina)

Na gode Malama, na gode Malam, Inna Allah ya ƙara lafiya. Mun zazzage buhu ɗaya, galibin guntayen dogaye ne sirara, waɗanda za su ba da 7 da 7 ba su da yawa. Sannan shafin yadi nawa za mu saya? Goman nan za ta yiwu kuwa?

Malamar ɗinki (Daura)

Na karɓi gyaran Malam, ku tafi a rabin inci.

Dogayen guntaye ba matsala ba ne Hajiya, sauƙi ma suka kawo muku. Ku yanka su faɗin inci 7, tsawo kuwa duk yadda ya samu, 4 ne, 10 ne, 15 ne. A jona su baki da baki har su yi doguwar ɗamara mai inci 79. Ɗamara 9 bargo guda ke nan, kuma babu kusurwar da za a ce sai ta haɗu da wata. Waɗanda ba su kai 7 ba a yanka su 4, a haɗa biyu gefe da gefe su ba da 7. Wajen haɗa ɗamarun, ɗinki ɗaya a faro shi daga sama, na biye daga ƙasa. In duk ta gefe ɗaya aka faro, bargon lanƙwashewa yake kamar baka.

Shafi da ciki su ɗara fuska da inci 3 zuwa 4 ta kowane gefe, domin suna tsukewa a ƙarƙashin ɗinki; a ce 62 da 86. In yadin mai faɗin 45 ne, ku sayi yadi 3 da rabi, ku raba biyu, ku jona ta dogon gefen, jonin ya ratsa bargon a faɗi. In mai faɗin 60 ne, yadi 2 da rabi ba joni, sai dai a faɗi zai ɗara fuska da inci 3 ne kawai kowane gefe. Akoko yana yi, amma yana shiga sosai, a wanke shi da ruwan zafi tukuna. Fari fat kada ku saya wa ɗan makaranta.

Ga yadda ake haɗa falle ukun. A share daɓen siminti, ba kan tabarma mai tudu ba. A shimfiɗa shafi fuskarsa na kallon ƙasa, a ja shi ya miƙe ba tare da an ɗame shi ba, a danne gefunan da tef ko duwatsu. A ɗora ciki, a ɗora fuska, a shafe da tafin hannu daga tsakiya zuwa waje. Sai a kama su da fil mai kulle, tazarar faɗin tafin hannu, daga tsakiya nan ma. Bargo guda zai ci sama da fil 150, saboda haka ɗinkin riƙo da hannu ya fi araha: zare mai kala daban, taku manya-manya, layi-layi, daga baya a zare. Wadda ta tsallake wannan mataki za ta juya bargonta ta tarar shafin ya yi ninki-ninki, domin haƙoran keke fallen ƙasa suke ja, madannin yadi kuma yana tura na sama. A sassauta dunƙulen da ke saman kan keke mai ƙara wa madannin nauyi, a faro daga layin tsakiya, a naɗe rabin bargon kamar tabarma ya shiga hammatar keken. Mace ɗaya ta tsaya a baya tana tallafe nauyin, amma kada ta ja, ja ne ke karya allura.

Bakin bargo hanya mafi sauri ita ce a datse fuska da ciki daidai, a bar shafi ya ɗara da inci ɗaya, a ninka shi sau biyu ya hau kan fuska a bi da keke. In kuna son baki na daban, kewayen inci 264 ne, da na joni a ce 276: tsiri 7 masu faɗin inci 2 da rabi daga yadi mai faɗin 45, wato kamar rabin yadi.

Goma kam a yini guda ba za ta yiwu ba in ranar za a faro haɗi. Bargo guda na gidaje yana da gajerun ɗinki 104 da dogaye 12 kafin a zo ga shafi. Da kekuna biyar, ku sa ran uku ko huɗu gamammu. In kuna son ku kusanci goman, masu keke su haɗa fuskokin a gidajensu cikin mako, ranar taro ta zama ta shimfiɗa, ɗauri da baki. Rabon aiki: biyar a keke, biyu a guga, huɗu a ƙasa wajen shimfiɗa da ɗauri, biyu masu tallafe bargo, ɗaya mai riƙe lambobi da tef, ita kaɗai ke cewa wannan ya yi ko a farke. Keken hannu a bar masa jona guntaye, bin bargo yana son hannu biyu. Ku fara ƙarfe 9 in sanyi ya saki yatsu. Aikin da ke son ido a gama shi kafin la'asar, don in akwai hazo haske yana saurin mutuwa.

Tela ('Yar Kutungu)

Ƙari kaɗan. In dutsen gugan na gawayi ne, a ajiye shi a waje, nesa da faiba da tarin ƙyallaye, a riƙa goge gindinsa a tsumma kafin ya hau yadi saboda toka. Kaskon jin ɗumi ma kada ya shiga ɗakin da ake aiki. Faiba da atamfa mai roba narkewa suke su manne a fata, don haka duk yaron da aka ba irin wannan bargo a faɗa masa kada ya matsa kusa da wuta da shi. Ku zo da maganaɗisu a bi ƙasa da shi kafin a tashi, sannan a shafa kowane bargo da hannu ciki da baya, a tabbata babu fil ko guntun allura da ya saura kafin a ninke. A bayan kowanne ku ɗinka farin ƙyalle inci 3 da 5, inda za a rubuta sunan yaro da ajinsa da alƙalamin da ba ya fita a wanki.